Tabar da Ta Kai Buhun Gero

A Yamai aka fara cutata, kwana uku kacal da barin gida.

Shekara ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi mu a ƙasar Gobir. Gulbi ya koma rairayi, fadamar da muke noman taba tun kakanni ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa ciki, hanyar Isa kuwa ba ka bin ta sai ka toshe hanci saboda shanun Fulani da suka zube a gefenta. Na kai Inna da matata Hajo da 'ya'yanmu biyu wurin wana a Isa, na ɗaure ragowar tabar bara a jakar fata, na bi wasu 'yan ƙauyenmu biyar masu cewa a Abijan ko ganye ka share sai an biya ka.

A tashar Yamai wani mutum ya tare mu, da farar riga da agogo, Hausarsa irin tamu sak.

"Ku 'yan Sabon Birni na? Kai, maraba da 'yan'uwa! Ai uwata can aka haihe ta. Ina za ku?"

Muka ce Wagadugu, wurin jirgin ƙasa. Ya ce mun yi sa'a, motar ƙanensa ce za ta tashi bayan azahar. Ya karɓi kuɗin motarmu mu shida, ya kai mu bayan tasha, ya hau da mu wata babbar mota, har da shimfiɗa mana buhu don kada ƙarfe ya ci mana jiki. Muka zauna muna ta murna. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Can sai ga wani bakanike da baƙin mai a hannu, ya tsaya yana kallonmu, ya tambayi abin da muke jira. Da muka gaya masa, sai ya riƙe ciki don dariya. Ya ɗaga murfin gaban motar ya ce mu leƙa. Babu inji. Kaza ce kwance a wurin, a kan ƙwai.

Yau ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar babu wanda ya dara. Uku daga cikinmu suka juya gida da ƙafa, biyu suka tsaya neman dako a kasuwa. Ni dai na zauna gindin wata bedi, wato dogon yaro, ban san gabas ba balle yamma. Wata Bazabarma mai sayar da dambu ta daɗe tana kallona. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta zuba dambu da zogale a ganye ta miƙo, na nuna mata aljihuna babu komai, ta buga tsaki ta tura mini har ƙirji. Da na cinye, ta kama hannun rigata ta ja ni wurin da ake lodin albasa, ta yi ta yi wa direban faɗa kamar shi ya cuce ni. Kwana huɗu ina lodi, rana ta biyar aka ɗora ni a saman buhunan, muka kama hanya. Ban san sunan matar nan ba har yau, amma ba na sallar asuba ban sa ta a addu'a ba.

A kan iyaka wani jandarma, irin 'yan sandan can, ya nemi takarda. Ba ni da ko ɗaya. Ya sauko da ni, ya zaunar da ni a rana, direba ya ce minti kaɗan zai jira. Jandarman ya zazzage kayana, ya kwance jakar fata, sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗebo kaɗan ya murza, ya sa a kunci, ya lumshe ido. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya ɗana. Suka raba tabar biyu, suka riƙe rabi, suka ɗaure mini rabi da kyau, har da ɗaga mini hannu da mota ta tashi.

Jirgin ƙasa kuwa, jama'a! Ban taɓa ganinsa ba sai a Wagadugu. Na sayar da ragowar tabar na sayi tikiti, na shiga cikin leburori Mosawa masu zuwa gonakin koko. Da ya yi kuka ya ja, sai na ji kamar gari guda ne ya tashi yana gudu. Ban zauna ba. Ina taga ina kallon ƙasa tana canja kaya: jar ƙasa ta wuce, ciyawa ta fara, bayan garin Bobo itatuwa suka yi ta tsawo har suka haɗe sama. Sai ga ruwa. Ruwan sama na gaske, mai ƙarfi, irin wanda na shekara biyu ban gani ba. Na zura kai da hannuwa waje ina ihu ina kabbara, ruwa na dukan fuskata. Wani dattijo Bamoshe ya riƙe mini bayan riga don kada in faɗa, bai saki ba sai da na gaji don kaina. Sannan ya ɓare dafaffiyar doya ya ba ni rabi.

A Abijan na yi ta tambaya har aka kai ni unguwar Hausawa a Tareshibil. Ina tsaye bakin masallaci da jakata wadda ba komai ciki, wani dattijo mai faɗin kafaɗa ya tsaya ya ƙura wa kumatuna ido. Tsagensa irin nawa ne.

"Kai Bagobiri, ɗan wane gari?"

"Ƙasar Sabon Birni, Baba. Sunana Labbo."

"Ni Alhaji Bawa, na Tibiri. Ka ci abinci?"

Bai tambaye ni komai ba sai da na ƙoshi. Fataucin goro yake yi, zaurensa cike da baƙi irina. Sannan ya ce, "To, mi ka iya?"

"Taba ɗai nis sani, Baba. Shukarta da gyaranta."

Ya yi dariya. "Nan ba a noman taba, sai shanta. Amma ƙarhi ba ya rasa kasuwa."

Wata uku ina dako a bakin teku. Na ga jirgin ruwa da ya fi ƙauyenmu tsawo, na ga gidaje sun hau kan juna har sai hula ta faɗi, na shiga wani ɗaki mai tashi sama da mutane, na fito, na sake komawa don daɗi. Amma abin da ya fi cin raina shi ne ruwa. Kullum sai an yi, ya bi kwata ya faɗa teku, ba mai tara, ba mai shuka. In tsaya ƙarƙashin rumfa ina kallo, ina tuna Hajo da 'ya'yana suna layin jar dawar taimako a Isa. Fura ma sai a mafarki. Abincinsu garin rogo ne mai tsami da kifi, na ci har na saba, amma cikina bai taɓa yarda an ci abinci ba.

Alhaji Bawa ne ya samo mini aikin shara da ɗaukar kaya a wani kanti a unguwar Turawa. Mai kantin tsoho ne mutumin Labanan, ya yi shekaru yana awon gyaɗa a Maraɗi, don haka Hausa a bakinsa kamar ruwa. Kowa na ce masa Mushe Halil, don da Faransanci haka ake kiran namiji da girmamawa. Ran farko da na ji an kira shi haka na toshe baki, shi kuwa ya harare ni ya ce, "Na san abin da mushe yake nufi a garinku. Kai ka ce Maigida."

A ƙuryar kantin akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar gilashi. Ran da aka ce in share shi, ina buɗe ƙofa na tsaya cak. Ƙamshin taba ne, amma irin wanda ban taɓa ji ba, mai sanyi, mai nauyi, kamar ka shiga rumbun da aka ajiye zuma. Akwatunan katako ne jere, a ciki wasu abubuwa masu kaurin babban yatsa, launin ƙasa, kowanne da ɗan zoben takarda a wuya. Babu farar takarda irin ta sigari. Ganye ne aka naɗe da ganye.

"Sunanta sigar," in ji Maigida. "Daga wani tsibiri take zuwa, Kuba, bayan teku."

"Nawa a ka saida guda?"

Ya faɗa. Na ɗauka akwatin yake nufi. Ya ce a'a, guda ɗaya. Na juya kuɗin a kaina zuwa namu, sai na ga buhun gero ne cur a shekarar ƙoshi. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

"Maigida, a ƙone ta? A ƙone buhun hatsi a busar da hayaƙi?"

"Har su dawo su ƙara," in ji shi.

Daga ranar ɗakin nan ya shiga raina. Nakan ja sharar don in daɗe ciki. Ban taɓa ko ɗaya ba, amma hancina ya haddace su akwati akwati. Da na ba da labari a zauren Alhaji Bawa ranar Juma'a, sai gardama ta tashi. Alhaji ya ce haukan masu kuɗi ne, wani malami ya ce ita kanta tabar ma abin ƙi ce balle almubazzaranci a kai. Wani tela ɗan Madawa ya ce, "Alhaji, kai da ka kan zaɓi hwarin goro guda cikin huhu ka ce ba na saidawa ba na?" Aka yi ta yi har la'asar, ba wanda ya ja da baya. Ni dai ban ɗana ba balle in yi shaida.

Maigida yana da suruki, Jorj, mijin 'yarsa, saurayi mai hanzari wanda yake ganin tsohon ya cika tsada da jinkiri. Akwai kuma wani babban mai gonakin koko, wanda shi ne ƙashin bayan kantin, ya ce a tanadar masa akwati goma don bikin ɗansa. Kayan Maigida ba su iso ba. Sai wata safiya ga Jorj da akwati goma a bayan mota, yana ta fara'a, wai ya samo su da sauƙi hannun wani mutumin jirgin ruwa. Da tsakar rana mai kokon zai zo ɗauka.

Ni na kwaso su. Tun a akwati na biyu hancina ya ce a'a. A sama akwai ƙamshi mai zaƙi kamar an fesa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da na sani tun ina yaro, warin tabar da aka ɗaure ba ta gama nuna ba, mai kama da fitsarin awaki. Maigida ya buɗe ɗaya, ya duba hatimi, ya duba zobe, ya gyaɗa kai. Ya shinshina ma, amma na riga na lura hancinsa ya mutu tun wata rashin lafiya da ya yi, da ido kawai yake aiki, yana ɓoyewa.

Na koma bakin ƙofa da tsintsiya. Abin da nake aikawa gida ta hannun fataken goro shi ne tuwon mutum huɗu. In na yi magana na kuskure, na koma dako, in ma an samu. In na yi shiru, ba mai ce mini komai. Na share wuri ɗaya sau uku. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Maigida, wagga taba ba ta nuna ba."

Jorj ya tambayi abin da na ce. Da aka fassara masa, ya yi ja wur, ya hau ni da Faransanci, yana nuna tsintsiyata yana nuna ƙofa. Maigida ya ɗaga masa hannu.

"Labbo, in na yanka guda ɗaya, akwatin ya tashi daga na sayarwa. Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani, Maigida. Cikin taba aka haihe ni."

"In ka yi kuskure fa?"

"In aje maka tsintsiyarka in tahi."

Sai ya ɗauko reza, ya kwantar da guda a kan farar takarda, ya tsaga ta daga kai har gindi. Rigar waje kyakkyawa ce. Cikin kuwa sai ya zube kamar shara: ɓarɓashi, jijiyoyin ganye, zaren buhu, har da wani busasshen abu mai kama da ganyen ayaba. Maigida ya shiga ɗakin gilashi ya ɗauko guda cikin tsofaffin kayansa, ya tsaga ta ita ma a kan wata takardar. Dogayen ganyaye ne cikakku, an lanƙwasa su a jere kamar an naɗe rawani, ko ɓarɓashi ɗaya babu. Na sa hannu na warware ɗaya, ya miƙe bai karye ba, laushi kamar fatar ɗan akuya da aka jeme. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Na ce a raina, wanda ya yi wannan manomi ne, kuma ba ya gaggawa.

Da mai kokon ya zo, Maigida bai ɓoye masa komai ba. Ya nuna masa takardun biyu, ya ce akwati uku na gaske kawai yake da su, ya ba shi haƙuri. Mutumin ya tona sharar da yatsa, ya tambayi wanda ya gano. Aka nuna ni. Ya zo ya kama hannuna ya girgiza, ya faɗi wata magana kowa ya yi dariya ban da Jorj. Maigida ya ce, "Wai hancin nan ya fi ƙarfin tsintsiya."

Ranar aka ba ni makullin ɗakin gilashi, aka ninka mini albashi. Bayan la'asar Maigida ya sa kujera biyu a bayan kanti, ya yanke kan wata sigar, ya miƙo mini.

"Maigida, don Allah ba ni ita hakanan in saida. Gida ana yunwa."

"Gida za su ci daga albashinka. Wannan aiki ne. Mai tsaron abu dole ya san abin da yake tsaro. Kada ka haɗiye hayaƙin, ka riƙe shi a baki ka sake."

Ya kunna mini. Ni da na saba da tabar lofe mai kartar maƙogwaro, sai na ji hayaƙi mai sanyi ya cika mini baki. Da farko kamar soyayyar gyaɗa. Can sai ya juya ya koma ƙamshin ƙasa in ruwan fari ya sauka. Da na kai tsakiya sai ga ɗan yaji kamar kanumfari, da zaƙi a bayansa. Toka fara fat ta yi tsawon gaɓar yatsa biyu ba ta faɗi ba. Na yi ta juya ta ina kallo, ina tambaya, shi kuwa yana ba ni labari: yadda ake rufe wa wata tabar rana da yadi don ganyen ya yi laushi, yadda ake tara ganye tuli ya yi zafi da kansa a juya shi a sake tarawa, yadda ake ajiye shi shekaru kafin a taɓa. Na ce mu ma muna tarawa, amma kwana kaɗan, don kasuwa ba ta jira. Muka yi ta musayar sani kamar manoma biyu a bakin gona. Kusan awa guda kafin ta ƙare, kaina na ɗan juyawa, bakina ya ƙi rufuwa.

"To, Bagobiri," in ji shi. "Ta ci kuɗinta?"

"Maigida, ban taɓa sa taba awa wagga bakina ba, kuma ban ga za ni ƙara ba. Wanda yay yi ta ya ci a biya shi. Amma tun da ka kunna ta, buhun hatsi ni ka gani yana ci da wuta."

Ya yi dariya har da tari. "Kuma ba ka kashe wutar ba."

"Ban kashe ba," na ce. Gaskiya ce.

Shekara biyu na yi a ɗakin nan, na ga masu saye iri-iri. Da yawa zoben suke saye ba tabar ba. Su kunna a gaban mutane, su ja sau uku, su bar ta ta mutu a faranti suna ta surutu, in tsince ta da safe raina na ƙuna. Amma akwai wani tsohon malamin makaranta mai tsohuwar kwat, wanda duk ƙarshen wata yakan zo ya sayi guda ɗaya tak. Sai ya shinshina biyar kafin ya zaɓa, ya tafi bakin ruwa ya zauna shi kaɗai. Wannan ban taɓa jin an cuce shi ba.

Da saƙo ya zo cewa damina ta yi kyau gulbi ya kawo, na yi sallama. Maigida ya so in zauna, ya ga ba hali, ya ba ni ƙaramar wuƙar naɗi da ɗan katakon matsewa. Na tarar da Hajo da yara lafiya, ƙaramin ya ɓuya bayan uwarsa don bai san ni ba. Inna kuwa ta rasu wata biyar kafin in iso.

Da rani na koma fadama da zafina. Na shuka taba, na yi wa wani sashe rumfar zana, maƙwabta na tambaya ko tabar tawa amarya ce. Na tara ganye tuli, na juya, na sake tarawa. Hajo ta ce a kai kasuwa, na ce a'a. Sai da ya shekara guda da rabi a cikin tukwane a ɗaka, sannan na zauna na naɗe guda arba'in da hannuna. Ba su kai na Kuba kyau ba, wasu sun karkace, amma ƙamshin ya sa ni rawa a tsakar gida.

Ranar kasuwar Sabon Birni na sa sabuwar riga, na jera su a faifai, na zauna layin masu taba. Wata mata ta tsaya ta tambayi nawa nake sayar da ƙuli-ƙuli. Masu taba suka yi ta dariya, suna kiran mutane su zo su ga abin da Labbo ya koyo a Abijan. Na kunna guda don a ji ƙamshi, aka taru aka shaƙa, aka yaba, aka watse. Har azahar ban sayar da ko ɗaya ba.

Rana ta karkata sai ga wani tsohon Bafillace da sanda a kafaɗa, irin waɗanda fari ya cinye wa garke suka sake farawa da 'yan maruƙa. Ya wuce, ya dawo da baya yana bin hancinsa. Ya tsuguna ya ɗauki guda.

"Kaɗo, mi na wanga?"

"Taba ta, Baffa. Kunna ta a kai daga nan, a ja sannu."

Bai saurare ni ba. Ya karya ta biyu, raina ya yi tsalle. Ya murtsuke rabi a tafin hannu, ya ciro kanwa daga ɗan tandu ya barbaɗa, ya cusa a kunci. Ya shiga tsotsa a hankali. Masu taba suka miƙo wuya. Ya daɗe, sannan ya tofar, ya dube ni.

"Taba kam ta yi. Tun da ni ke ban ji irinta ba. Amma wane marar aikin yi yan naɗe ta hakanga?"

"Ni na, Baffa."

"To kwance min su duka, in saye."

Na faɗi ninki biyu na kuɗin tabar kasuwa, bai yi ciniki ba. Na jawo faifai gabana, na fara warware su ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana tsugune yana ce mini in yi sannu kada in zubar masa.